Injin da Ya Ƙi Baƙon Faifai

Makau mai bin sawu yana kwance a tsakar gidansa a Anka, barci bai gama ɗaukarsa ba, sai wata ƙara ta taso daga gabas da masallacin unguwa. Ba kukan dabba ba ne, don babu dabbar da ke yawo tsakanin Anka da Gummi da bai san muryarta ba. Ba mota ba ce, ba rediyo ba. Ta fara can ƙasa-ƙasa, kamar an buga ƙaton tulu a cikin rijiya, ta kumbura har ta cika lungu, sannan ta janye a hankali ta bar kunne yana jiran saura. Sauran bai zo ba. Aka yi shiru. Can sai ta sake tasowa daga farko, ba ragi ba ƙari.

Haka ta yi ta yi. A daren an kawo wutar lantarki bayan ta daɗe ba ta leƙo garin ba, ƙwan ƙofar masallaci yana ci shi kaɗai, ƙwari sun rufe shi. Da ƙwan ya mutu, ƙarar ta mutu tare da shi.

Wani da addu'a zai yi ya ja mayafi. Makau murmushi ya yi a cikin duhu. Mutum ne da abin mamaki ya fi yi wa daɗi a kan nama. A jakarsa ta fata akwai haƙorin da bai san na wace dabba ba ne, da dutsen da ke jan allura, da wani shuɗin ƙwan fitila da ya tsinta a hanyar Bagega. Ya tsufa yana bin sawun shanun da aka kora da awakin da suka ɓata, amma bai taɓa bin sawun ƙara ba.

* * *

Da hantsi Mai Unguwa Shitu ya aiko kiransa. An yi sata a shagon Zayyad.

Zayyad matashi ne da ya kama hayar shago a jikin gidan wata tsohuwa, Inna Ummukulsum. Ya sa talabijin, ya sa wani ɗan akwati ruwan toka da samari ke kira injin gem. A ɗora masa faifai, sai 'yan ƙwallo ko motoci su fito a talabijin, mutum yana zaune a benci yana juya su yadda ya so. Wannan akwatin ne aka wayi gari babu.

"Baba Makau, an kashe ni," in ji Zayyad, idonsa jajir. "Babur ɗina na sayar na sayo shi a Sakkwato."

"Ku ja da baya," Makau ya ce wa taron. "Kun tattake mani ƙofa awa garken tumaki."

Kwaɗon ƙofar lafiyarsa lau, ba a fasa ba. Makau ya cire takalmi ya shiga, ya tsuguna. Ƙasan shagon fes, an share.

"Kai ka yi shara?"

"Zayyad da shara?" wani ya ce daga waje. Aka yi dariya.

"Ɓarawon ne," in ji Zayyad. "Don ya ɓatar da sawu."

Makau ya ƙara sunkuyawa. Ya leƙa ƙarƙashin benci, nan ma an share. Ya duba kusurwoyi, an bi su ɗaya bayan ɗaya. Ɓawon gyaɗa da tukar rake an tara su wuri guda a bayan ƙofa, ba a fitar ba. Ƙyallen da ake rufe injin da shi an ninke shi tsaf an ajiye a kan talabijin. Faya-fayan Zayyad suna cikin kwalinsu, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Kusa da su akwai wasu abubuwa biyu masu ƙahoni da maɓallai, kowane da igiyarsa.

"Wanga hwa?"

"Hannun injin ne, Baba. In babu shi ko ɗan ƙwallo ɗaya ba ka motsawa."

"To ɓarawonku ya ɗauki doki ya bar maku linzami." Makau ya juya abin a tafinsa, ya danna maɓallan da babban yatsa, ya ji daɗin yadda suke dawowa. Da ƙyar ya ajiye.

A bangon baya an rataye wata tabarma da aka manna wa hotunan 'yan ƙwallo. Makau ya ɗaga ta. Akwai tsohuwar ƙofa.

"Cikin gidan Inna take ɓullawa," in ji Zayyad. "Sakatar tana wajenta. Tun da na kama shagon ba a taɓa buɗewa ba."

Gara ta yi gininta a gindin ƙofar, ta ɗinke katako da ƙasa. Ginin ya tsage daga wannan gefe zuwa wancan, kuma tsagewar sabuwa ce. Makau ya saki tabarmar ta koma wurinta. Bai nuna wa kowa ba.

A waje mutane sun riga sun gama shari'arsu. Ban da Zayyad, mutum ɗaya ne ya taɓa riƙe makullin shagon, Lirwanu mai gyaran babur. Kuma kowa ya ji ranar da suka yi faɗa Lirwanu ya ce sai ya raba Zayyad da injin nan. A waɗannan shekarun, da shari'a ta fara aiki a jihar, ba a furta kalmar sata da wasa. Duk wanda ya faɗe ta sai idonsa ya sauka a kan hannun wanda ake zargi.

Mai Unguwa ya ja Makau gefe. "Alƙali na zama ran Litinin. In ba ka zo mani da wani abu ba kafin nan, ba ni da yadda zan yi. Uwar Lirwanu ta cika mani gida da kuka."

* * *

An zaunar da Lirwanu a zauren Mai Unguwa, da igiya a ƙafarsa da mai tsaro a ƙofa. Ya cusa hannuwansa a hammata kamar mai jin sanyi.

"Angon ƙarfe," in ji Makau yana zama. "Ina ka kwana jiya?"

"A rumfata, Baba. Ni kaɗai. Na faɗa sun ce babu shaida. Wa ke kiran shaida in zai yi barci?"

"Ka ce za ka raba shi da injin."

"Baki ne! Nufina in buɗe nawa shagon in kwashe masa samari."

"Mi ya haɗa ku?"

Lirwanu ya yi ajiyar zuciya. "Injin nan ƙabilanci gare shi, Baba. Na ƙasar Turai ne, faifan yankinsu kawai yake ci. Ka ba shi na Amurka ko na Japan, sai ya shinshina ya kau da kai."

Makau ya matso. "Ƙarfe ya san ƙasarsu?"

"Ya sani sarai. To ni na gano yadda ake yaudararsa. Akwai wani ɗan rami a ƙarƙashin murfi, in ka soka tsinken ashana sai ya zaci murfin a rufe yake alhali a buɗe. Ka ɗora masa faifan gida, ya shinshina ya yarda. Yana cikin juyawa sai ka fizge, ka ɗora baƙon kafin ya ankara." Hannuwan sun fito daga hammata ba da saninsa ba, baƙaƙe da man inji, suna nuna fizgar a iska. "Sauri ake so. In ka yi nawa ya gane, in ka yi gaggawa ka karce faifai. Zayyad ya ce ina kashe masa idon inji, ya karɓe makullinsa ya kore ni."

Makau ya yi dariya har da buga cinya. "Ai Fulani sun riga ka! In maraƙi ya mutu, saniya ta hana nono, sai su feɗe shi su lulluɓa wa wani maraƙin fatar. Ta shinshina, ta ji warin nata, ta saki. Ashe har Turawa ana yi masu."

Lirwanu bai yi dariya ba. Ya kalli hannuwansa, ya mayar da su inda suke.

A gefensa akwai ƙwaryar fura da ba a taɓa ba, an rufe ta da sabon faifan kaba.

"Innarka ta aiko?"

"A'a. Inna Ummukulsum. Tun da safe ta aiko, ta sake aikowa da azahar."

* * *

Makau ya yi sallama a gidan Inna Ummukulsum bayan la'asar. Ya samu maƙwabciyarta Bilki mai ƙosai tana share mata tsakar gida, wai Inna bayanta ke ciwo. Bilki ba ta jira tambaya ba.

"Na ji shi da kunnena, Baba! Kukan injin nan ne, ai kullum muna jinsa ta katanga. Na ce wa maigidana, ji 'yan banzan nan har cikin dare. Ashe ɓarawon ne ke gwada kayansa kafin ya ɗauka. Yana kunnawa yana kashewa, yana kunnawa yana kashewa, ko tsoron Allah babu."

"Bayan kukan kin ji hayaniyar ƙwallo? Ko ta motoci?"

Bilki ta tsaya da tsintsiya a hannu. "A'a. Kukan kawai."

Inna tana zaune a kan kujerar tsuguno a ƙofar ɗakinta, tana tsince shinkafa. Ƙaramar tsohuwa ce mai tsabta, wadda ko ƙofar gida ba a cika ganinta ba sai in za ta dubo 'yarta da ke aure a Bukkuyum. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗanta na fari, Aminullahi, soja ne, yana cikin waɗanda aka kai Laberiya, kuma akwatin kayansa ne kawai ya dawo. Duk unguwa ana ba da labarin ranar. Da sojoji biyu suka sauke akwatin suka faɗi abin da ya kawo su, Inna ba ta yi kuka ba. Ta tambaya ko baƙin sun ci abinci. Ɗan fari ne, kuma ita mutuniyar da ce. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yaba shi a gaban mutane ba, ba ta taɓa bari an ga tana kallonsa ba. Mata suka ce kunya irin ta Inna ta ƙare a duniya.

"Uwar gida, kin ji motsi jiya?"

"Kunnena ya yi nauyi, Makau." Ba ta ɗago ba. "Mi za su yi wa yaron mutane?"

"Abin da shari'a ta ce, in an tabbatar."

Yatsunta suka tsaya a cikin shinkafar, sannan suka ci gaba.

Makau ya zaga katangar gidan ta ciki da ta waje, yana neman inda wani ya dira. Babu kankarewa, babu sawun baƙo, ko na kyanwa. Ya koma gida ransa a dagule. Sawu yana nuna masa inda hankali ya ƙi zuwa. Me tsohuwa mai tasbaha za ta yi da injin 'yan ƙwallo? In ya buɗe baki ba tare da amsar wannan ba, dariya za a yi masa, a ce tsufa ya taɓa shi, a wuce da Lirwanu.

* * *

Washegari wani mai shayi ya rantse cewa da asubar ranar satar ya ga ɗan kabu-kabu ya ɗauki hanyar Bukkuyum da wani abu a buhu, ɗaure a bayan babur. Makau ya ji sanyi a ransa, don yana so a ce gaskiya ne. Ya samu sawun tayar a bakin tasha, tana da faci mai kama da ƙafar kaza, ya bi ta da tambaya har Bukkuyum, har ƙofar wani mai maganin gargajiya. Aka kwance masa buhun. Wani ƙaton kunkuru ne, tsoho, da tabon wuta a bayansa. Makau ya manta abin da ya kawo shi, ya tsuguna yana ƙirga zanen ƙoƙon, har sai da mai maganin ya tambaye shi ko saye zai yi.

Daga nan ya shiga motar Gummi. Dama Zayyad ya ce in ba Lirwanu ba ne to Labaran ne, mai irin wannan shagon a Gummi, wanda ya taɓa taya injin aka hana shi.

Labaran ƙato ne mai fara'a. Da ya ji abin da ake zarginsa da shi sai ya riƙe ciki yana dariya. "Ni da nake da biyu? Ga su nan, Baba, duba gindinsu, sunana na ƙona da ƙusa. Zauna in nuna maka abin da ake faɗa a kansa."

Ya tada janareto, ya ɗora faifai, ya danna. Ƙarar ta taso daga cikin talabijin, tulun nan a cikin rijiya, ta kumbura, ta janye. Makau ya kasa kunne. Amma kafin ya yi magana sai wata ta biyo baya, siririya, kamar an watsa ƙananan ƙararrawa a kan dutse. Sannan filin ƙwallo ya bayyana, jama'a na ihu.

"Tsaya. Wanga na biyun, mi ne ne?"

"Wanne?"

"Wutsiyar. Wadda na ji ba ta da wutsiya."

"Au. To bai karɓi faifan ba ke nan. Na farkon gaisuwa ce, kowa yana samu. Na biyun sai in ya yarda da kai." Labaran ya tono wani faifai daga ƙasan kwali. "Wannan na Japan ne, an cuce ni da shi a Kano. Saurara."

Ya ɗora, ya danna. Ƙarar ta taso, ta janye, ta bar kunne yana jira. Shiru.

Makau ya rufe ido. Ita ce. Wanda ya kunna injin a daren nan ba gwada kaya yake yi ba. Baƙon faifai ya ba shi, injin ya ƙi, ya kashe ya sake, ya kashe ya sake, yana fata ko wannan karon. Da Lirwanu ne, da tsinken ashana ɗaya ya gama.

"Labaran, wa ke da baƙon faifai a ƙasar nan, amma ba shi da inji?"

"Wa zai ajiye faifai babu..." Labaran ya tsaya. "Kai, ka tuna mani. Bayan babbar salla wata tsohuwa ta zo nan, da lulluɓi har ƙasa. Ta kwance bakin zane ta fito da faifai mai baƙin baya, irin na gem. Ta ce ta kai wa mai bidiyo a Bukkuyum ya ce ba nasu ba ne, sai irin injinmu. Wai na wani yaro ne da ya yi tafiya, a duba mata ko hotonsa na ciki. Na ɗora, ya ƙi, na Amurka ne. Ni kuma hannuna ba shi da sauri irin na Lirwanunku. Kafin in yi mata bayani samari sun fara dariya, wai kaka ta zo buga ƙwallo. Ta naɗe abinta ta fita."

"Ta faɗi sunan yaron?"

"Na tambaya. Ta ce, wani ne dai na gidanmu."

Makau ya ɗauki jakarsa. "Gobe ka zo Anka. Mai Unguwa na nemanka."

* * *

Ran Lahadi da yamma aka taru a shagon Zayyad. Mai Unguwa a kan kujera, Zayyad a tsaye, Labaran ya cika rabin benci, Lirwanu a ƙasa da igiyarsa. Bilki da sauran maƙwabta sun toshe ƙofa. Makau ya zauna ya jingina da tabarmar 'yan ƙwallo, ya ɗaga murya fiye da yadda ɗakin ke buƙata.

"Wasu sun ce Zayyad ya ɓoye kayansa don ya ga bayan Lirwanu. Mutumin da bai iya ninke rigarsa ba, shi zai ninke ƙyalle haka? Ba shi ba ne. Labaran kuwa da ya shigo nan, da benci ya ba da labari." Aka yi 'yar dariya. "Lirwanu ya san faifai, ya san hannun inji. Da shi ne, da su zai fara ɗauka."

"To wane ne?" in ji Mai Unguwa.

"Wanda bai taɓa wasan ba. Ya dai ga yadda ake soka igiyoyin, ja ga ja, fari ga fari, kuma akwai tsohuwar talabijin a ɗakinsa. Sharar da kunka gani ba ta ɓatar da sawu ba ce. Shigowa ya yi ya ga ƙazanta, hannunsa ya kasa haƙuri. Bai fitar da ita ba don inda ya tashi ba a fitar da shara da dare. Yana da faifai guda ɗaya, na wata ƙasa mai nisa, ya kai shi Bukkuyum, ya kai shi Gummi. Nan kusa da shi kuwa bai iya tambaya ba, don in ya tambaya sai an ce na wane ne."

"Faɗi sunansa mana, Baba!" in ji Zayyad.

"Ba ni faɗi. Akwai sunan da ba a faɗi, kuma ba don ƙiyayya ba." Makau ya juya kansa kaɗan wajen tabarmar. "Sai dai gobe Litinin. Yaron ga da hannun nan yake ci da uwarsa. Kuma duk faɗin Anka, hannun nan kaɗai ke iya sa injin ya karɓi baƙo."

Mutane suna kallon juna, kowa yana auna maƙwabcinsa. Wata akuya ta yi kuka a lungu. Mai Unguwa ya buɗe baki ke nan, sai aka ji ƙarar sakata a bayan Makau, a hankali, kamar mai zarewar yana tsoron tada wani daga barci.

Makau ya matsa gefe ya ɗaga tabarmar.

Inna Ummukulsum ta shigo da ƙunshi a hannu biyu, naɗe cikin farin zanen sallarta. Ta ajiye a gaban Zayyad ta kwance. Injin ne, an goge shi har yana ƙyalli, igiyoyinsa a nannaɗe kamar zaren saƙa.

Bilki ta dafe ƙirji. "Inna!"

Zayyad ya kalli injin, ya kalli tsohuwar, ya rasa inda zai sa idonsa. "Ai... ai aro ne. Ranka ya daɗe, na tuna, ni na ce ta ɗauka duk ran da take so. Mantawa na yi."

"Kada ka yi ƙarya saboda ni, ɗan nan," in ji Inna. "Ban tambaye ka ba. Na ce in mayar kafin asuba. Da wuta ta ɗauke sai na ce in ƙara dare ɗaya ko ta dawo. Gari ya waye na ji ana ɓarawo, ɓarawo, ƙafata ta yi nauyi." Ta juya wajen Lirwanu, ta durƙusa, tsohuwa a gaban sa'an jikanta. "Na bar ka ka kwana da igiya. Ka yafe mani."

"Subhanallahi, Inna, tashi," in ji Lirwanu, yana ƙoƙarin ja da baya igiyar tana hana shi. "Don Allah tashi."

Mai Unguwa ya shafa gemunsa, ya kalli rufin ɗaki. "Kaya bai fita gidan ba. Mai kaya ya ce ba ya ƙara. Ni ban ga abin kai wa alƙali ba. Ku kwance shi."

Aka kwance. Lirwanu ya miƙe, ya buɗe hannuwansa ya rufe, ya sake buɗewa. Mutane suka fara motsin tafiya. Inna kuwa ba ta tashi daga inda take ba. Tana kwance wani ƙulli a bakin zanenta. Da ta gama sai ta miƙa wa Lirwanu faifan, ba tare da ta dube shi ba.

"A cikin akwatin yake," ta ce. "Ƙarƙashin kayan."

Lirwanu ya juya faifan. A fuskarsa akwai zanen daji da rubutun Turanci. Ya gane ko mene ne tun kafin ya gama juyawa. "Inna, wannan ai..."

Makau ya taka masa ƙafa. "Zayyad, tada janaretonka. Wa ke da ashana?"

Labaran ya miƙo. Lirwanu ya karya tsinken da haƙori, ya soka a ramin, ya ɗora faifan ƙwallo na Zayyad. Ƙarar ta taso, tulun nan a cikin rijiya. Inna ta runtse ido, ta san inda take tsayawa. Faifan yana juyawa a fili, murfi a buɗe, kowa ya miƙa wuya. Lirwanu ya karkata kai yana sauraron cikin injin kamar yadda yake sauraron babur. Sai hannunsa ya yi wuf. Kafin a ƙifta ido faifan gida yana hagunsa, baƙon yana juyawa a wurinsa.

Ƙararrawar ta watsu a kan dutse.

Hoton ya zo ba launi, fari da baƙi, yana gangarowa daga sama zuwa ƙasa kamar ana jan guga. Labaran ya ce haka na Amurka ke yi a talabijin ɗinmu. Zayyad ya zaga baya ya murɗa wani abu har hoton ya tsaya, yana ɗan rawa. Dogayen itatuwa ne, da ruwan sama. A tsakiya wani soja yana tsaye da jaka a bayansa, ya ba ɗakin baya. Kafaɗunsa suna hawa suna sauka, yana numfashi.

Inna ta miƙe. Ta matsa har zanenta ya taɓa teburin.

"Ka ce mashi ya juyo," ta ce.

Lirwanu ya kalli Makau. Makau yana kallon talabijin, bakinsa a ɗan buɗe. Lirwanu ya ɗauki hannun injin, ya ɗora babban yatsansa, ya danna a hankali. Sojan ya juyo. Hular ta rufe masa goshi, fuskar duk ɗigo-ɗigo ce, toka-toka, tana rawa tare da hoton. Yana iya zama kowa.

Inna ta kama bakin lulluɓinta ta goge gilashin, daidai wurin fuskar. Ta sake gogewa. Ba ta mayar da hannun ba.

Daga bakin ƙofa Bilki ta yi magana, da muryar da ba a san ta da ita ba.

"Inna, shi ne? Aminullahi ne?"

A waje janareto ya ci gaba da kukansa.